Noma Cikin Dusar Kwakwa: Yadda A Ke Ban Ruwa Da Auna Taki

A wannan mako za mu yi magana a kan wani irin noma wanda babu fartanya a cikinsa, babu garma, babu ma ƙasar kanta. Shuka ce a ke yi cikin buhun leda, ko bokiti, ko tukunya, a ajiye ta cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfar leda. Maimakon ƙasa sai a cika mazubin da dusar ɓawon kwakwa, wadda 'yan kasuwa ke kira kokofit. Masu renon irin tumatir da tattasai a faranti sun san ta. Masu rumfunan leda na kewayen Ikko da Abuja da Jos su ma suna aiki da ita. Har akawun da ba shi da gona ya kan jera tukwane biyar ko goma a baranda, ya sami ɗan abin miya.

Abin da ke sa mutane su bar ƙasa su koma wa wannan dusa ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar da aka daɗe ana noma tumatir a cikinta ta kan tara cuta, kamar ciwon nan da ke sa shuka ta yi yaushi ta mutu a tsaye da ɗanyen ganyenta, da kuma 'yan tsutsotsin da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Sabuwar dusa ba ta da waɗannan, ba ta da irin ciyawa, ba ta kuma da nauyi.

To, amma kafin mutum ya kashe ko sisin kwabo, akwai magana guda da ya kamata ya riƙe. Dusar kwakwa ba ƙasa ba ce. Ƙasa kamar rumbu ta ke, ka zuba mata taki yau, ta ajiye, ta riƙa ba shuka kaɗan kaɗan har wata biyu. Dusar kwakwa kuwa kamar akushi ta ke, abin da ka zuba a ciki yau shi shuka za ta ci yau. Sabo da haka ban ruwa da ba da taki a nan aiki ɗaya ne, ba biyu ba. Wanda ya bi da ita yadda ya saba bi da fadama, ya watsa taki da hannu, ya bar ta ta bushe, sa'an nan ya malala mata ruwa, to, yana iya hasarar irinsa mai tsada da wahalarsa duka cikin mako biyu.

Inda Ta Ke Fitowa

Kwakwar da mu ke nufi ita ce kwakwar Attagara, mai ruwa a ciki, ba kwakwar manja ba. A kan ƙoƙon nan nata mai tauri akwai wani ɓawo mai kauri, cike da gashi. Tun da daɗewa mutanen Indiya da na Siri Lanka, wadda a da a ke kira Silon, su ke tsefe gashin suna yin igiya da tabarma da buroshi. A garin Aleffi na ƙasar Kerala aka kafa masana'antar farko ta wannan aiki a Indiya, cikin shekara ta 1859. In an tsefe gashin sai wani gari mai laushi ya zube. A da shara ne, ana tara shi tsibi tsibi, ga shi ba ya ruɓewa da wuri. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 masu noman rumfa na Turai, musamman na Holan, suka soma sayensa da yawa, shara ta zama haja.

Yau Indiya da Siri Lanka su ne kan gaba wajen fitar da ita. Ana busar da ita, a danne ta da inji ta zama kamar tubali. Tubali mai kilo 5 in ya sha ruwa ya kan kumbura ya kai lita 60 zuwa 70, watau ya fi garwa uku. A Nijeriya ma ana noman kwakwa a gaɓar teku, musamman Badagiri kusa da Ikko, haka nan a yammacin Gana. Don haka mai saye zai tarar da ta gida da ta waje a kasuwa.

Halinta

Halaye uku gare ta da ya kamata a sani.

Na farko shi ne mai kyau. Tana riƙe ruwa kamar soso, amma da zarar rarar ruwan ta tsiyaye, iska na shiga tsakaninta. Saiwa kuwa tana numfashi kamar ko wane mai rai. Wannan ya sa a ke iya shayar da ita sau da yawa a yini, saiwa ba ta shaƙe ba, muddin mazubin yana da huda.

Na biyu, tana zuwa da gishiri. Kwakwa itaciyar bakin teku ce, a waɗansu wurare kuma cikin ruwan gishiri a ke jiƙa ɓawon don ya yi laushi. Dusar da ba a wanke ba tana iya ƙone saiwa tun daga faranti.

Na uku shi ne wanda ya fi ruɗa mutane. Akwai abinci iri biyu da shuka ba ta rayuwa sai da su. Ɗaya kalsiyam ne, irin abin da ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai. Ɗayan magnesiyam, wanda da shi ganye ke yin kore. To, sabuwar dusa kamar mai canjin kuɗi ta ke. In ka zuba mata waɗannan biyu sai ta riƙe su, ta ba da canji da sodiyam, watau na gishirin miya, da fotasiyam, irin na cikin toka. Kai ka san ka ba da abinci, amma bai kai bakin shuka ba.

Wanki Da Jiƙo Kafin Shuka

Mai saye ya tambayi mai sayarwa abu biyu: an wanke ta? An jiƙa ta cikin ruwan kalsiyam? 'Yan kasuwa kuma su tambayi wanda ya kawo musu, don abokin ciniki ba zai dawo ba in shukarsa ta ƙone. In babu tabbas, ga abin da za a yi:

1. A sa tubalin cikin baho, a zuba masa ruwa mai kyau wajen lita 25, a bar shi ya kumbura, a marmashe shi da hannu.

2. A juye cikin buhu mai huda ko kwando, a yi ta zuba ruwa yana tsiyayewa, sau uku ko huɗu, har ruwan da ke fita ya rage ja.

3. A narka takin da a ke kira kalsiyam naitiret, giram 2 cikin ko wace lita ta ruwa, a jiƙa dusar a ciki ta kwana. Ta haka ta ke ƙoshi, ta daina ƙwace na shuka.

4. Da safe a tsiyaye, a ɗauraye sau ɗaya, sa'an nan a cika mazubi. Kada a danna ta, don in an danna iska ba ta da wurin zama.

Wanda ya sami ɗanyen ɓawo ya niƙa da kansa, kada ya yi gaggawa. Sabuwar dusa tana da wani ruwa mai bauri da ke hana ƙananan saiwoyi girma. A tara ta a waje wajen wata shida, ruwan sama ya wanke ta, kana a yi mata abin da aka faɗa a sama.

Irin Takin Da A Ke Bukata

Takin zamani na buhu mai ƙwaya, irin 15-15-15, na ƙasa ne. Ba ya narkewa duka, yana toshe bututu, ba shi kuma da duk abin da shuka ke nema, don an yi shi ne da sanin ƙasa za ta cika sauran. Yuriya ma ba ta dace ba, sai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sun juya ta kafin ta yi amfani sosai. A nan kuwa babu ƙasar da za ta cika wani abu.

Abu uku a ke haɗawa. Akwai takin ban ruwa mai narkewa sarai, wanda a jikin buhunsa aka rubuta yana da ƙananan abinci irin su ƙarfe da tutiya. Akwai kalsiyam naitiret. Akwai kuma gishirin Epsom, irin wanda a ke samu a kantin magani, shi ke ba da magnesiyam. Ga wani haɗi da masu noman tumatir suka daɗe suna bi, da taki mai lamba 4-18-38: cikin duro mai lita 200, a sa giram 125 na takin, da giram 60 na gishirin Epsom, da giram 125 na kalsiyam naitiret. In lambar takinka dabam ce, bi abin da aka rubuta a buhu.

A lura da wannan ƙwarai. Kada a haɗa kalsiyam naitiret da sauran biyun cikin ɗan ruwa kaɗan. In an yi haka sai su kama juna, su kwanta a gindin bokiti fari fat kamar alli, shuka ba ta iya cin wannan. A cika duro da ruwa tukuna, a narka ko wanne a bokitinsa dabam, a zuba ɗaya bayan ɗaya ana motsawa, kalsiyam ya zama na ƙarshe. Shi ya sa a ke sayar da irin wannan taki cikin kwalba biyu, A da B.

Auna Ƙarfin Taki

Yawancin takin zamani gishiri ne. Ku yanka tumatir ku barbaɗa masa gishiri, ku ga yadda ruwa ke fitowa daga jikinsa. Haka ke faruwa ga saiwa. In ruwan da ke kewaye da ita ya cika gishiri, sai ta kasa sha, har shuka ta yi yaushi alhali dusar tana jiƙe. In kuma ruwan ya yi salam, shuka ta rame. Aikin manomi shi ne ya tsaya tsakani.

Ido ba ya ganin ƙarfin taki cikin ruwa, don haka a ke aiki da wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami. A kan tsoma bakinta cikin ruwa, ta nuna lamba. Ruwa mai gishiri ya fi ba wutar lantarki hanya, abin da ta ke aunawa ke nan, a jikinta za a ga an rubuta EC. Ruwan sama kusan sifiri ya ke nunawa. Giram 1 na taki cikin lita 1 ya kan ƙara wajen lamba 1. Ga inda ya kamata ruwan ya tsaya:

Reno a faranti, 0.8 zuwa 1.2.
Daga dashe zuwa fure, 1.5 zuwa 2.0.
Tumatir mai 'ya'ya, 2.0 zuwa 3.0.
Tattasai da kokwamba, 1.8 zuwa 2.5.
Latas da sauran ganye, 1.0 zuwa 1.6.
Furannin ado na cikin ɗaki, 0.8 zuwa 1.2.

A fara daga ƙasa, a riƙa ƙarawa sannu sannu. Gyaran shukar da ta ɗan ji yunwa ya fi sauƙi bisa ga gyaran wadda ta ƙone.

A auna ruwan kansa tun ba a sa taki ba. Ruwan waɗansu rijiyoyi da na burtsatse yana da nasa gishirin. In ya wuce 0.7, a sirka shi da ruwan sama, don gishirin nan ba abinci ba ne, wuri kawai ya ke tarewa.

Ga gargaɗi ga masu saye da sayarwa. Waɗansu na'urori ba EC su ke nunawa ba, wata lamba ce mai suna ppm, ita kuwa kala biyu ce. Ruwan da EC ɗinsa ya ke 2.0, wata na'ura za ta ce 1000, wata ta ce 1400, alhali ruwa ɗaya ne. Mutum biyu na iya yin gardama har dare kowa yana da gaskiya. A tsaya ga EC. A kuma riƙa gwada na'urar cikin ruwan gwaji da a ke sayarwa tare da ita, wanda lambarsa 1.413 ce, don ma'auni in ya karkace ya fi babu ma'auni ɓarna.

Tsakanin Tsamiya Da Kanwa

Akwai awo na biyu, mai suna pH. Kowa ya san kunun tsamiya da kunun kanwa. To, lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 wajen tsamiya ne, sama da 7 wajen kanwa. Shukar da ke cikin dusar kwakwa tana son ruwa mai ɗan tsami kaɗan, 5.8 zuwa 6.2. In ya haura 6.5, ƙarfen da ke cikin taki ya kan soma ƙin shiga saiwa, sai ka ga sabon toho ya fito rawaya alhali takin yana nan.

Ruwan rijiya mai barin farin dabbare a gindin buta shi ya fi jan awo wajen kanwa. Masu sayar da taki suna da ruwan tsami na saukar da shi. A haɗa taki tukuna, sa'an nan a auna, a ɗiga ruwan tsamin kaɗan kaɗan ana motsawa. Kullum ruwan tsamin a ke zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikinsa ba, a kuma ɓoye shi daga yara, don yana ƙuna. Ruwan lemon tsami yana yi ga mai tukwane kaɗan, amma aikinsa ba ya daɗewa, sai a haɗa a shayar nan take.

Ban Ruwa

Doka ta farko ita ce, ko wane ban ruwa da taki a cikinsa. Ba a ce yau taki, gobe ruwa zalla ba.

Doka ta biyu, kada a bari ta bushe. Shuka tana shan ruwa fiye da yadda ta ke cin taki, rana kuma tana ɗebe wani. Ruwa ya tafi, gishiri ya zauna. In rabin ruwan tukunya ya tafi, ƙarfin abin da ya saura yana iya kusan ninkawa. Watau wanda ya zuba 2.0 da safe ya tafi kasuwa, kafin la'asar saiwa na iya zama cikin abin da ya kusa 4.0, ba tare da ya ƙara ko cokali ba. Jiƙaƙƙiyar dusa baƙi-baƙi ta ke, in ka matse ta a hannu sai 'yan ɗigo su fito. In ta yi haske ta janye daga jikin mazubi, an makara.

Doka ta uku, a bar wani ruwa ya fita ta ƙasa. Cikin kashi goma na abin da aka zuba a yini, kashi ɗaya zuwa uku ya tsiyaye. Wannan ba ɓarna ba ce, shi ne ke wanke tsohon gishiri. A huda gindin mazubi sosai, a ɗora shi bisa bulo, kada ya zauna cikin abin da ya fitar ya sake tsotsewa. Ruwan da ya fita kada a mayar da shi duro, a kai wa itatuwa ko lambun waje.

Sau nawa a yini? Ya danganta ga girman shuka. Sabon dashe saiwarsa ba ta cika mazubi ba, ba ya shan kirki. A ba shi kaɗan, sau ɗaya a yini ko bayan kwana biyu, don saiwa ta bazu neman ruwa. A nan ne yawan ruwa ke kawo ruɓar saiwa. Bayan mako biyu ko uku, in saiwa ta leƙo ta hudar ƙasa, sai a ƙara. Babban tumatir mai 'ya'ya ya kan sha lita 1 zuwa 2 a yini, da zafi har ya wuce 3. Mai shayarwa da hannu ya raba wannan kashi biyu ko uku, ya kuma nemi mazubi mai lita 10 zuwa 15 ga ko wace shuka, don ƙaramin mazubi ba ya jiran mai shi ya dawo daga ofis. Masu bututun ɗigo su kan shayar sau shida zuwa goma ko fiye. Su ɗora tankinsu a bisa, don ruwa ya gangaro ko wuta ta ɗauke.

A fara sa'a ɗaya ko biyu bayan fitowar rana, a tsaya sa'a ɗaya ko biyu kafin faɗuwarta. Da dare shuka ba ta sha sosai, gara dusar ta ɗan tsane iska ta shiga. Ku saba ɗaga tukunya da hannu bayan ban ruwa, ku sake ɗagawa da safe. Ba da daɗewa ba hannu zai koyi nauyinta.

Ruwan Da Ya Fita Shi Ne Shaida

Ba a iya leƙa cikin tukunya, amma ruwan da ya fita daga cikinta yana ba da labari. A zaɓi tukunya ɗaya ko biyu, a sa kwano a ƙarƙashi. Ko wace yamma a auna yawan abin da ya taru, a tsoma na'ura a ciki.

Ga misali. An zuba lita 2 mai ƙarfin 2.0. In an tarar da kusan rabin lita, ko ƙasa da haka kaɗan, na'ura kuma ta nuna 2.3 ko 2.6, lafiya lau, a ci gaba. In abin da ya fita bai kai ko ƙaramin kofi ba, na'ura ta nuna 3.5, gishiri na taruwa. Maganinsa ba daina taki ba ne. A haɗa ruwa mai rabin ƙarfi, a yi ta zubawa sannu har abin da ke fita ya sauko kusa da 2.0, daga nan a ƙara yawan ban ruwa. Ruwa zalla ba ya cikin shawara sai ta ɓaci ƙwarai, don yana wanke abinci duka ya bar shuka da yunwa. In kuwa abin da ya fita ya nuna 1.3, shuka na cinye abincin kafin a kawo wani, sai a ɗan ƙara ƙarfi.

Malamai akawu sun san amfanin littafi. A ja layi huɗu: kwanan wata, abin da aka zuba, abin da ya fita, da lambar ko wanne. Lambar yini ɗaya ba ta faɗin kome. Amma in ta yi kwana uku tana hawa, ruwa ba ya tsami banza, a gyara tun ganye bai nuna ba.

Bazara, Damina, Hunturu Da Ɗaki

Awo ɗaya ba ya yi duk shekara. Da bazara, sa'ad da zafi ke kai wa awo 40 a Kano da Sakkwato, cikin rumfar leda kuma ya fi haka, shuka ruwa ta ke nema. A rage ƙarfin taki, mai 2.5 ya sauko 2.0 ko 1.8, a ƙara yawan shayarwa. A sa duro a inuwa, don ruwa mai zafi ba ya riƙe iska, yana kuma gajiyar da saiwa. Da damina, ranar da hadari ya rufe, a rage ruwa, ƙarfin taki ya tsaya yadda ya ke. Da hunturu safiya na da sanyi, a jinkirta ruwan farko, amma busasshiyar iskar rana tana ɗebe ruwa da sauri, kada a ruɗu.

Shukar cikin ɗaki kuwa haske ne ke mulkinta. Wadda ke bakin taga ba ta sha kamar ta rumfa, ba ta kuma ci kamarta, sai a rage duka biyu. Tumatir na son rana sa'a shida ko fiye, ko fitilu masu ƙarfi na musamman. Mai fitila ya ɗauki kunna ta kamar fitowar rana, kashe ta kamar faɗuwa. A bar iska na ratsa ɗakin. In an ga 'yan ƙudaje baƙaƙe na tashi daga bakin tukunya, ko gansakuka ta rufe saman dusa, ruwa ya yi yawa ga hasken da ke wurin.

Abin Da Ganye Ke Faɗa

Bakin ganye ya ƙone, ganyen ya yi kore mai duhu, shuka na yaushi da rana ga dusa a jiƙe: gishiri ya yi yawa.

Shuka duka ta yi fari-fari, kara siriri, tsofaffin ganye na rawaya: abinci ya yi kaɗan.

Tsohon ganye ya yi rawaya tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin suna kore: magnesiyam ne babu. In sabon toho ne ya yi haka, ƙarfe ne, a duba awon tsami.

Gindin ɗan tumatir ko tattasai ya yi baƙi ya lotsa: kalsiyam bai kai wurin ba. Nan mutane da yawa ke kuskure, su ƙara taki. Kalsiyam ba ya tafiya cikin shuka sai ruwa ya ɗauke shi. Yawanci yana nan cikin tukunya, bushewa ce ko yawan gishiri suka tare hanya. A daidaita ban ruwa tukuna.

Saiwa ta yi ja, ta yi laushi, tana wari: ruwa ya kwanta. Lafiyayyar saiwa fara ce.

Wanda Ba Shi Da Na'ura

Mai rumfa guda cike da tumatir kada ya yi rowar kuɗin na'ura, bai kai na kwandon tumatir kaɗan ba. Amma mai tukwane biyar na iya farawa ba ita. Ya yi aiki da ruwan sama in da hali. Ya auna taki a ƙaramin sikeli, kada ya yi da ƙiyasin hannu. Ya ba ƙananan shuka rabin haɗin nan na duro, manya cikakke. Ya tabbata kashi ɗaya cikin biyar na fita ko wane yini, sau ɗaya a mako kuma ya wanke da mai rabin ƙarfi. Takardar gwajin tsami tana da araha, masu kayan kiwon kifi ma suna sayarwa.

In an gama girbi kada a zubar da dusa. A cire tsofaffin saiwoyi, a wanke, a rufe ta da farar leda a rana mako huɗu zuwa shida, za ta sake yin shuka biyu ko uku. Wadda cutar yaushi ta kashe shuka a cikinta kada a maimaita ta. In ta tsufa ta yi laushi, a gauraya ta da ƙasar lambu mai yashi, za ta taimaka wajen riƙe ruwa.

Wanda ke da niyya ya soma da tukwane kaɗan, ya koyi hannu wata uku kafin ya kafa rumfa. Abinci kaɗan kaɗan cikin ko wane ruwa, dusa kullum da laima, wani ruwa na fita ta ƙasa, mai shi kuma yana duba abin da ya fita. Sai mun sadu a mako mai zuwa.